Sharhi: Yawan ambato da nauyin bincike, darasi daga tarihin Katalin Kariko

Lokaci zuwa lokaci akan ga hoton wani shafin Google Scholar yana yawo a zaurukan WhatsApp na ɗaliban jami'a da na ƴan Nijar mazauna ƙetare. Hoton malami ne a sama, sunayen maƙalunsa a jere a ƙasa, sai wasu lambobi a gefe da ke nuna sau nawa aka ambaci aikinsa. Kafin a sauke shayi na biyu a fada, an cika zauren da barka da addu'a. Idan kuma akwai ƴar tsama tsakanin malamai biyu, sai almajiran kowannensu su ɗauko lambobin nasu malamin su yi wa ɗaya ɓangaren gori. A hankali ana neman mayar da masana kamar mawaƙan TikTok, wanda ya fi yawan mabiya shi ne gwani.

Murna da ci gaban ɗan ƙasa abu ne mai kyau, kuma lambobin suna da abin da suke nunawa. Matsalar tana farawa ne ranar da aka ɗauke su a matsayin hukunci na ƙarshe a kan mutum da aikinsa, musamman idan masu ɗaukar ma'aikata, da masu ƙarin girma, da masu raba kuɗin bincike suka bi sahun ƴan WhatsApp. Tarihin wata masaniyar ƙwayoyin halitta ƴar ƙasar Hangari, Katalin Kariko, ya isa ya sa duk mai riƙe da irin wannan alƙalami ya dakata ya yi tunani.

Abin da ake ƙirgawa

Duk mai binciken da ya rubuta maƙala a mujallar kimiyya, a ƙarshenta yakan jera ayyukan da ya dogara da su. Kowane suna a wannan jeri ambato ɗaya ne ga mai aikin. Malaman zaure sun san wannan ladabi tun da daɗewa, domin ba a kawo mas'ala ba tare da an faɗi littafin da aka ciro ta da malamin da aka ji ta a bakinsa ba. Abin da zamani ya ƙara shi ne ƙirge. A 1955 wani Ba'amurke mai suna Eugene Garfield ya kawo shawarar a riƙa tattara waɗannan ambatoce-ambatocen wuri ɗaya, kuma a 1964 cibiyarsa ta fara fitar da kundinsu. Manufar farko ita ce a taimaka wa mai bincike ya bi sawun wani tunani daga maƙala zuwa maƙala. Daga baya ne shugabannin jami'o'i suka ga ashe an sama masu mudun awo.

Ma'aunai biyu ne suka fi shahara. Na farko na mujallu ne: ana duba sau nawa aka ambaci maƙalun da mujalla ta buga a shekaru biyun da suka wuce, a raba da yawan maƙalun. Na biyu na mutane ne, ana ce masa ma'aunin h, wanda masanin fizik Jorge Hirsch ya ƙirƙiro a 2005. Idan aka ce h ɗin malami 20 ne, ana nufin yana da maƙala 20 da kowace aka ambata aƙalla sau 20. Lissafin yana da sauƙi, shi ya sa ya karɓu. Amma mutumin da ya rubuta maƙala uku kacal, ko da su ne suka sauya duniya, h ɗinsa ba zai taɓa wuce 3 ba.

Ƴar mahauci da ɗan aike

An haifi Katalin Kariko a 1955 a ƙasar Hangari, ta taso a wani ƙaramin gari mai suna Kisújszállás. Mahaifinta mahauci ne. Ta yi digirin dakta a Jami'ar Szeged, ta ci gaba da aiki a cibiyar nazarin halittu ta birnin, har zuwa 1985 da kuɗin ɗakin gwajinsu ya yanke. Ita da mijinta suka sayar da motarsu, suka ɗinke kuɗin cikin ƴar tsanar ɗiyarsu mai shekara biyu, saboda gwamnatin lokacin ba ta barin a fita da kuɗi mai yawa, suka nufi birnin Filadelfiya na Amurka. Duk wanda ya taɓa barin gida da jaka ɗaya da adireshin wani ɗan uwa a aljihu zai gane wannan tafiya. A 1989 ta samu aiki a Jami'ar Pensilvaniya, a kan wani ƙaramin matsayi na mai bincike wanda albashinsa ya dogara da tallafin da aka samo daga waje.

Abin da ta sa a gaba shi ne mRNA. A cikin ƙwayoyin halittar jikin mutum akwai DNA, kundin da ke ɗauke da umarnin gina jiki da tafiyar da shi. Kundin ba ya barin ma'ajiyarsa. Idan jiki na buƙatar wani furotin, sai a kwafi shafin da ya dace a ba ɗan aike ya kai wurin da ake ƙera shi. Wannan ɗan aike shi ne mRNA, wanda masana suka gano tun 1961. Tunanin Kariko shi ne, idan aka iya rubuta saƙon a ɗakin gwaji aka shigar da shi jikin marar lafiya, jikin da kansa zai ƙera abin da ya rasa. Abu biyu ne suka tare hanya. Saƙon ba shi da ƙwari, yana lalacewa da wuri. Sannan garkuwar jiki tana ɗaukar sa a matsayin baƙon da ya haura katanga, ta taso masa da kumburi.

Saboda haka masu ba da tallafi suka yi ta mayar mata da takardunta. A 1995 jami'ar ta rage mata matsayi, ta cire ta daga layin da ke kai mutum ga kujerar farfesa. A nan ya kamata a faɗi gaskiya dalla-dalla: abin da aka auna ta da shi a lokacin shi ne kuɗin tallafin da ta jawo wa jami'a. Sai dai tallafi da manyan mujallu da ambato igiya ɗaya ce ke ɗaure da su. Wanda ya buga a babbar mujalla shi ake ambata, wanda ake ambata shi ake ba tallafi, wanda aka ba tallafi shi ke da ɗalibai da kayan aikin da zai sake bugawa. Wanda ya faɗo daga wannan keke, da wuya ya sake hawa.

A ƙarshen shekarun 1990 ta haɗu da Drew Weissman, likita masanin garkuwar jiki, a wurin injin kwafin takardu na jami'ar. Suka fara aiki tare. A cikin gwaje-gwajensu suka lura da wani abu: akwai wani nau'in RNA na cikin jiki, mai suna tRNA, wanda bai tayar da garkuwa kamar yadda nasu na ɗakin gwaji ke yi. Da suka bi diddigi, sai suka ga RNA na halitta yana ɗauke da ƴan sauye-sauye a haruffansa. Haruffa huɗu ake rubuta RNA da su, wato A, U, G da C. Da suka maye gurbin U da wani ɗan uwansa da aka ɗan sauya wa siffa, irin su sudoyuridin, sai garkuwa ta kusan daina yi wa saƙon kallon abokin gaba.

Manyan mujallun Nature da Science sun ƙi karɓar wannan sakamako. A 2005 mujallar Immunity ta buga shi. Weissman ya sha ba da labarin cewa sun zaci waya za ta dame su da kira, amma sai suka ji shiru. A 2008 da 2010 suka sake buga wasu maƙalu biyu da ke nuna cewa saƙon da aka gyara yana kuma sa ƙwayar halitta ta ƙera furotin fiye da na da. Mutane ƙalilan ne suka kula. Cikinsu akwai Derrick Rossi, wanda ya yi amfani da dabarar a nasa binciken, aka kuma kafa kamfanin Moderna da shi a 2010. A 2013 Kariko ta rasa wurin aikinta na gwaji a jami'ar, ta koma kamfanin BioNTech a birnin Mainz na Jamus, wanda a lokacin kusan babu wanda ya san shi a wajen masana.

Sauran labarin duniya ta gan shi. Annobar korona ta ɓarke, kuma a watan Disamba na 2020 aka amince da rigakafin Pfizer da BioNTech, da na Moderna, dukansu biyu an gina su a kan saƙon mRNA mai gyararren harafi. Ba aikin mutum biyu kaɗai ba ne: wasu masana ne suka ƙera ɗan ƙunshin kitsen da ke ɗaukar saƙon zuwa cikin ƙwayar halitta, wasu kuma suka gano yadda za a tsayar da siffar ƙahon ƙwayar cutar. Amma a watan Oktoba na 2023 kwamitin Nobel ya ba Kariko da Weissman lambar yabo ta fannin likitanci, kuma maƙalun nan uku na 2005, 2008 da 2010 su ne ya kafa hujja da su. Maƙalar 2005 yau tana da ambato dubbai.

Abin lura a nan shi ne lokaci. Ma'aunin mujallu shekara biyu yake dubawa. Ke nan maƙalar 2005 ta gama shiga lissafinsa a ƙarshen 2007, shekara 13 kafin a yi wa mutum na farko allurar da aka amince da ita. Ma'aunin h kuwa, a shekarar da maƙalar ta fito aka ƙirƙiro shi. Da kwamitin ɗaukar ma'aikata ya zauna a 2010 ya jera masu neman aiki bisa lambobi kawai, babu abin da zai nuna masa abin da ke hannun wannan mata. Ambaton ya zo ne bayan amfanin ya riga ya bayyana ga kowa, lokacin da ba ta da sauran buƙatar shaida. Ba ita ce ta farko ba. Gregor Mendel ya buga bincikensa kan gadon halitta a 1866, sai a 1900 aka waiwaye shi, bayan ya rasu. Barbara McClintock ta gano cewa wasu ƙwayoyin gado na masara suna sauya mazauni tun shekarun 1940, amma lambar Nobel sai a 1983 ta same ta.

Tiya ba ta bambance hatsi da ƙaiƙayi

A 2014 mujallar Nature ta fitar da jerin maƙalu 100 da aka fi ambata a tarihi. Ta ɗaya ita ce ta Oliver Lowry da abokan aikinsa ta 1951, kan yadda ake auna yawan furotin a cikin ruwan gwaji, da ambato sama da 300,000. Ta biyu ta Ulrich Laemmli ce ta 1970, wadda aka fi ambata saboda hanyar rarrabe furotin da ke cikinta, da sama da 200,000. Maƙalar Watson da Crick ta 1953, wadda ta bayyana siffar DNA kuma ta zama harsashin wannan fanni baki ɗaya, ba ta shiga cikin ɗarin ba. Dalilin a fili yake. Dabarar aiki ana ambatonta duk ranar da aka yi amfani da ita. Babban ganowa kuwa yakan shige cikin littattafan makaranta har a daina ganin buƙatar faɗin wanda ya kawo shi. Lowry da kansa bai taɓa ɗaukar wannan maƙala a matsayin mafi girman aikinsa ba.

Haka kuma ƙirgen ba ya tambayar dalilin ambato. A 1998 mujallar Lancet ta buga maƙalar Andrew Wakefield da ta danganta rigakafin ƙyanda da wata lalurar ƙwaƙwalwa ta yara. An tabbatar aikin ba shi da tushe, mujallar ta janye shi a 2010, kuma an soke wa mutumin lasisin aikin likita a Ingila. Duk da haka an ambaci maƙalar da yawa ƙwarai, akasari don a ƙaryata ta. Na'urar da ke ƙirge ba ta san bambancin yabo da Allah wadai ba.

Sannan duk abin da aka mayar ma'aunin ƙarin girma, za a samu masu yi masa coge. Akwai masu cika maƙalunsu da ambaton kansu. Akwai ƙungiyoyin "ambace ni in ambace ka". Akwai kamfanonin da ke sayar da gurbin suna a maƙalar da mutum bai taɓa karantawa ba, da mujallun bogi da ke buga komai muddin an biya. A 2023 kaɗai an janye maƙalu sama da 10,000 a duniya, mafi yawansu daga mujallun kamfanin Hindawi. A 2024 wasu masu bincike biyu suka buɗe wa wata kyanwa mai suna Larry shafi a Google Scholar, suka ɗora mata maƙalun shirme masu ambaton juna, kuma kafin a rufe shafin kyanwar ta tara ambato sama da 130. Sun yi haka ne don su nuna yadda ƙofar take a buɗe. Wanda ya ga hoton shafi a waya ba shi da hanyar sanin ko gumi ne ya tara lambar ko dabara.

Masana da kansu sun daɗe da yin ƙorafi. A taron masana ƙwayoyin halitta da aka yi a San Faransisko a 2012 aka tsara wata sanarwa da ake kira DORA, wadda ta nemi a daina auna mutum da ma'aunin mujallar da ya buga a ciki, a koma karanta abin da ya rubuta. Jami'o'i da hukumomin tallafi da dama sun sa hannu.

Kada a fake da Kariko

Akwai wani haɗarin a ɗaya gefen, kuma shi ma ya kamata a faɗe shi. Malamin da ya shekara goma bai rubuta komai ba zai iya jin wannan labari ya ce ai shi ma irin Kariko ne, duniya ce ba ta gane shi ba tukuna. Wannan ba hujja ba ce. Kariko ba ta taɓa daina aiki ba. An rage mata matsayi ta ci gaba da zuwa ɗakin gwaji, an mayar mata da maƙala ta gyara ta aika wani wuri, kuma abin da ta gano yana rubuce a inda kowa zai iya dubawa ya maimaita. Da ba ta buga ba, da Rossi bai karanta ba, da shugabannin BioNTech ba su san da ita ba. Ilimin da ya tsaya a cikin kai ko a cikin durowa ba ya amfanar kowa.

Lambobin kuma suna da amfani a inda ake fama da son kai da sanayya. A wurin da ƙarin girma zai iya dogara da wanda mutum ya sani, ko jam'iyyar da yake, ko garin da ya fito, matashin da ba shi da kowa yakan samu mafaka a cikin abin da za a iya ƙirgawa. Ɗan talakan da ya dawo daga karatu a Maroko, Aljeriya, Turkiyya, Sin ko Faransa da maƙalu a hannu yana da abin nunawa wanda ba a iya musantawa. Saboda haka ba a neman a jefar da ƙirge. Abin da ake nema shi ne a san iyakarsa, a kuma ɗora masa karatu da hankali.

Inda abin ya shafi Nijar

Malaman Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, da ta Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, da ta André Salifou ta Damagaram, da ta Djibo Hamani ta Tawa, suna samun ƙarin girma ne ta hanyar hukumar CAMES, wadda aka yanke shawarar kafawa a taron shugabannin ƙasashe a Yamai a 1968, kuma cibiyarta ke Wagadugu. Maƙalun da malami ya buga suna cikin manyan abubuwan da kwamitocinta ke dubawa. Ke nan tambayar yadda ake auna bincike ta shafi albashin mutane, ta kuma shafi irin matsalar da matashin malami zai zaɓa ya kashe ƙuruciyarsa a kanta.

Yawan ambato yana bin yawan masu aiki a fanni. Mai binciken ciwon daji ko ciwon suga yana da abokan aiki a kowace babbar jami'a ta duniya, kowannensu mai iya ambatonsa ne. Mai binciken ƙwayoyin gadon hatsi, ko tsutsar da ke cin zangarniya, ko cutar da ke kashe wake a gona, abokan aikinsa kaɗan ne, duk da cewa an kammala karanta kundin gadon hatsi tun 2017 a ƙarƙashin jagorancin cibiyar ICRISAT, wadda ke da tasha a Sadore kusa da Yamai. Idan aka ce wa matashi lamba ce kaɗai za ta ɗaga shi, hankali zai gaya masa ya bar hatsi ya bi abin da ake yayi a Turai. Ƙasar da tuwonta da furarta suka dogara da hatsi ita za ta yi asara.

Haka batun lafiya. Lokacin da sanƙarau ya ɓarke a jihar Damagaram a ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023, abin da hukumomi suka fi buƙata shi ne a gane da wuri wane nau'in ƙwayar cuta ne ke yawo, domin da shi ake sanin rigakafin da za a nema. Irin wannan aiki na tantance ƙwayar cuta ta hanyar gwajin PCR shi ne cibiyar CERMES ta Yamai ta daɗe tana yi. Sakamakon da ya isa teburin ma'aikatar lafiya cikin kwanaki yana iya ceton yara da yawa ba tare da ya jawo wa mai shi ambato ko ɗaya ba. A maƙwabciya Najeriya, ɗakin gwajin Farfesa Christian Happi da ke garin Ede, tare da hukumomin lafiyar ƙasar, shi ya fara karanta kundin gadon ƙwayar korona a Afirka a watan Maris na 2020, aka kuma saki bayanan ga duniya nan take. A Botsuwana da Afirka ta Kudu haka masana suka yi da nau'in Omikron a watan Nuwamba na 2021. Gaggawar sakin bayani ita ce ta yi amfani a lokacin, maƙalu da ambato daga baya suka biyo.

Akwai kuma shingen harshe da na kuɗi. Manyan rumbunan ƙirge irin su Web of Science da Scopus sun fi karkata ga mujallun Ingilishi, kuma mujallun jami'o'in Afirka da dama, musamman masu fitowa da Faransanci, ba sa cikinsu. Aikin da aka buga a can kamar ba a yi shi ba ne a idon na'ura. Sannan a 2021, kuɗin da mujallar Nature ta riƙa karɓa daga mai son maƙalarsa ta zama kyauta ga kowa shi ne yuro 9,500, wato sama da miliyan 6 na sefa. Gaskiya ne wasu mujallu suna yafe wa marubuta daga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi wannan kuɗi, kuma ya kamata malamai su nemi wannan dama. Amma kuɗin bugu shi ne ƙarshen wahala. Kafin a kai nan sai an samu wutar da ba ta yankewa don kada samfura su lalace a firji, da sinadaran gwaji da ake odarsu daga waje su yi watanni a hanya. Kwatanta lambar mai aiki cikin wannan hali da ta takwaransa na Boston ko Paris zalunci ne, ko da ba da gangan aka yi ba.

Abin da ya kamata a yi

Na farko, kwamitocin ɗaukar malamai da na raba tallafi su nemi kowane ɗan takara ya zaɓi ayyukansa uku zuwa biyar da ya fi alfahari da su, ya bayyana da kansa wace tambaya suka amsa da kuma rawar da ya taka a ciki, sannan a ba masana fannin su karanta su da gaske. Karatu yana cin lokaci, amma shi ne aikin da aka naɗa kwamiti ya yi.

Na biyu, a ba aikin da ya amfani jama'a kai tsaye matsayi a rubuce cikin sharuɗɗan ƙarin girma: irin shuka da ya isa hannun manoma, gwajin da ya taimaka wajen tare annoba, bayanan da aka saki ga kowa, ɗaliban da aka horar har suka tsaya da ƙafafunsu.

Na uku, jami'o'i su fitar da gargaɗi a fili kan mujallun bogi da sayen suna a maƙala, su kuma hukunta wanda aka kama komai girmansa. Matashin da ya ga babba ya haye da coge, shi ma cogen zai koya.

Na huɗu, gwamnati ta ware kuɗin bincike na cikin gida mai ɗorewa. Tarayyar Afirka ta daɗe da ba ƙasashe shawarar su kashe kashi 1 cikin ɗari na arzikin da suke samarwa a kan bincike. Muddin kuɗin daga waje yake zuwa, tambayoyin ma daga waje za su riƙa zuwa. Ko da ƙaramin asusu ne, a bar wani kaso nasa ga masu tunanin da bai riga ya karɓu ba, a ba su shekaru kafin a nemi sakamako.

Na biyar ya shafi ƴan ƙasa masana da ke aiki a ƙetare. Da yawansu suna da ɗakunan gwaji da damar shiga mujallun da na gida ba su da ita. Idan za su yi aiki da takwarorinsu na gida, ya zama haɗin gwiwa na gaskiya. Kada na gida ya zama mai ɗibar jini da ƙasa da ganye kawai yana aikawa, sunansa ya ɓace a tsakiyar jerin marubuta ko a cikin godiya. Wanda ya san filin, ya san marasa lafiyan, ya san tambayar, yana da haƙƙin jagorantar maƙala.

Ga matasan da ke tura hotunan nan kuwa, babu laifi a yi barka. Sai dai bayan barkar, yana da kyau wani a zauren ya buɗe ɗaya daga cikin maƙalun ya karanta ko da taƙaitaccen bayaninta ne, ya tambaya wace matsala malamin ya warware, su wa suka yi amfani da abin da ya gano, kuma ko wani ya maimaita gwajin ya samu sakamako iri ɗaya. Mai yiwuwa a yau akwai wata matashiya a wani ɗakin gwaji a Maraɗi ko Yamai da shafinta bai kai a yi yawo da shi ba, alhali abin da take bi zai yi amfani nan da shekara goma sha biyar. Jami'ar da ta rage wa Kariko matsayi a 1995 ita ce daga baya ta samu maƙudan kuɗi daga haƙƙin mallakar abin da ta gano. Amurka tana da yalwar da za ta yi irin wannan kuskure ta kuma ci riba. Nijar, da masu bincikenta ba su da yawa, ba ta da wannan yalwar. Hausawa dai sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai.